Saɓewar Kumburi Ba Ita Ce Warkewa Ba

  Yau hirarmu a kan ciwon zuciya take, amma ba irin wanda mukan ce kishiya ta sa wa wance, ko ɗa ya sa wa uwarsa ba. Wancan ɓacin rai ne, maganinsa haƙuri. Wanda nake nufi shi ne wanda tsokar nan da ke cikin ƙirji take gajiya, ta kasa tura jini yadda ya kamata, har ruwa ya taru a jiki, ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa yi wa mutum wuya. Shi ne za ki ji ana cewa zuciyar wance ta kumbura. In wannan ciwo ya sauka a gida, to, sai an koyi zama da shi, wani lokaci watanni, wani lokaci shekaru, wani lokaci kuwa har iyakar rai. Yadda ake yin wannan zama shi ne abin da nake so mu duba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen wata maƙwabciyata ce, wadda duk unguwa muke kiranta uwar tagwaye. Tagwayen su ne haihuwarta ta biyar. Ta sauka lafiya, aka yi suna, uwarta ta zo daga ƙauye ta zauna don yi mata wanka. Wajen mako uku da haihuwa sai ƙafafunta suka fara kumbura, ga tari da dare, in ta kwanta kuma sai ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. Har ta kai sai a zaune take barci, ta jingina da bango. Tsohuwar ta dube ta ta ce, "Sanyi ne ya shige ki, 'yar nan, don ba kya tsayawa ruwan ya ratsa ki." Aka ƙara itace a murhu, aka ƙara kanwa a kunu. Abu sai gaba yake yi. Ran da maigidan ya dawo daga kasuwa ya tarar ba ta iya haɗa kalma uku ba tare da ta tsaya ta ja numfashi ba, bai yi shawara da kowa ba, ya nemo mota, sai asibiti.

Kwananta goma a kwance. Aka yi mata allurai, ta yi ta fitsari, kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo. Aka sallame ta da ƙwayoyi iri huɗu da kati, aka ce ta dawo bayan mako biyu. Ta sha maganin wata guda cur, ta ji garau. Da na shiga gaishe ta na hangi ƙwayoyin a kan taga ƙura ta rufe su, sai na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, ai na warke. Dubi ƙafata mana. Kuɗin maganin nan gara a saya wa yara madara." Ni ma a lokacin ban san abin da na sani yanzu ba, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fito. Bayan wata huɗu, da bazara ta kankama, ranga-ranga aka sake kwasarta zuwa asibiti, likita kuma ya ce zuciyar ta fi dā buɗewa. Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba. Yau shekara uku ke nan ba ta tsallake magani ko na yini ɗaya ba, tana girkinta, tana kitsonta, tagwaye suna ta guje-guje a tsakar gida. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

YADDA ZUCIYA KE GAJIYA

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana da ɗakuna huɗu, biyu na karɓar jini, biyu na tura shi. Takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, watau wajen sau 100,000 a yini da kwana, tana tura jinin da ya kai kamar lita 5 a kowane minti, ko kina barci ko kina farke. In ta yi rauni, jinin da ya kamata ta tura gaba sai ya riƙa taruwa a baya, kamar yadda ruwan sama kan taru a tsakar gida in rariya ta toshe. Wanda ya taru a huhu shi ke kawo haki da tari da kasa kwanciya. Wanda ya taru a sauran jiki shi ke kumbura ƙafa da ciki da hanta. Ƙoda kuma, da ta ga jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta ɗauka jiki ne ya bushe, ta shiga riƙe gishiri da ruwa, ta ƙara wa zuciyar kaya a kan kaya.

Abubuwan da ke kai zuciya ga wannan hali suna da yawa. Babbansu a ƙasashenmu shi ne hawan jini wanda aka daɗe da shi ba a sani ba, ko kuwa an sani amma ba a kula ba. Akwai lalacewar ƙofofin zuciya, wanda kan samo asali daga ciwon maƙogwaro tun ana yara. Akwai ƙarancin jini mai tsanani, akwai ciwon sukari. Sa'an nan akwai wanda ya shafe mu mu kaɗai, watau wanda ke zuwa a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Mai ciki jininta kan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi, saboda haka zuciyarta tana aikin mutum ɗaya da rabi har wata tara. Yawancin mata zuciyarsu kan ɗauke wannan nauyi lafiya lau, amma ta wasu takan gaza.

ABIN DA AKA GANO A ZARIYA DA KANO

Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, har ma likitocin duniya sun san mu da shi. Tsakanin 1969 da 1972 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, sun kwantar da mata 227 masu wannan ciwo, suka rubuta labarin kowace ɗaya. A zamanin an ƙiyasta cewa a Zariya cikin kowace haihuwa 100 akan sami mace ɗaya da zuciyarta ta gaza. Likitocin suka lura da abin da mai jego ke yi cikin kwana arba'in, watau wankan ruwa mai tsananin zafi safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa kwano-kwano. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke sa gishiri ya riƙe ruwa a jiki yana cikinta jingim. Ga zafi yana sa zuciya gudu, ga kanwa tana cika jijiyoyi da ruwa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ba a bar matan nan haka kawai ba. An ci gaba da bin sawunsu, har tsakanin 1993 da 1995 aka sake nemo su, bayan fiye da shekara ashirin. Mafi yawan aikin ya rataya ne a wuyan wata mata 'yar Zariya, wadda ta riƙa bin labarinsu tana kawo rahoto. Cikin 75 da aka tabbatar sun rasu, 55 ciwon zuciya ne ko na jijiyoyin jini ya zama ajalinsu, 31 daga cikinsu kuwa zuciyar ta sake gazawa ne a lokacin da ba ciki ba jego. An ga jininsu yana ta hawa shekara bayan shekara. Cikin ciki 551 da suka sake ɗauka, ciwon ya dawo a kashi 13 cikin ɗari. An kuma lura cewa wadda aka sallama alhali zuciyarta tana nan a buɗe, ita ta fi shiga haɗari daga baya. Duk da haka an sami mata 100 daga cikinsu da ransu, aka auna su. Kun ga ke nan ciwon ba ya ƙarewa da ficewa daga asibiti, amma kuma ana iya yin shekaru masu yawa tare da shi.

A 2020 kuma Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan mata 406 daga asibitocin sassan Nijeriya. Mafi yawan matan daga arewa maso yamma suka fito, a Kano ma har an sami mace ɗaya cikin haihuwa 96. Su sun ga ciwon ya fi kama ramammun mata, da waɗanda ba su yi makaranta ba, da marasa sana'a, da waɗanda jininsu ya hau lokacin da suke da ciki. Binciken nasu bai ɗora laifin a kan wanka da kunun kanwa ba. Tun a 1992 ma wasu likitoci a Yamai sun gano cewa masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari a jininsu wanda ake kira seleniyam, da ake samu daga abinci. To, ko ma mene ne mafarin, babu likitan da ke jayayya cewa zuciyar da ta riga ta yi rauni, kanwa da gishiri da tsananin zafi ƙarin nauyi ne a gare ta. Iyayenmu da alheri suke nufi, ba kuma wanda ya ce mai jego kada ta yi wanka da ruwan ɗumi. Amma in ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama, kada a ce sanyi ne a ƙara wuta. A nufi asibiti.

MAGANI IRI BIYU NE

Ga inda uwar tagwaye ta yi tuntuɓe, ga kuma inda mata da yawa ke yi. Ƙwayoyin da likita ke bayarwa kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne maganin fitsari, wanda aka fi sani da Lasix. Aikinsa a fili yake, in kin sha shi, kafin awa guda kin fara zarya zuwa bayan gida, cikin 'yan kwanaki kumburi ya saɓe. Da safe ake shansa don kada ya hana barci. Amma misalinsa kamar mai kwashe ruwa ne da ƙwarya daga ɗakin da ke yoyo. Ɗakin zai bushe, rufin kuwa yana nan yadda yake.

Kashi na biyu su ne masu yaɓen rufin, su ne kuma waɗanda ba za ki ji suna yi miki komai ba. Likitocin yau suna da iri huɗu. Akwai mai buɗe jijiyoyi don zuciya ta sami sauƙin turawa. Akwai mai rage mata gudu don ta riƙa hutawa tsakanin bugu da bugu. Akwai mai hana jiki riƙe gishiri, wanda kuma ke kare tsokar zuciyar daga ƙandarewa. Na huɗun asalinsa maganin ciwon sukari ne, a 2019 aka tabbatar yana taimakon masu raunin zuciya ko da ba su da sukari. Waɗannan su ne aka tabbatar suna rage komawa gadon asibiti, suna rage mutuwa. Da kaɗan ake fara su, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, amfaninsu kuma sai bayan watanni yake bayyana. Saboda haka in likita ya ƙara miki ƙwaya alhali kina jin sauƙi, kada hankalinki ya tashi, ba ciwon ne ya ƙaru ba. Akwai kuma wani tsohon magani, digoksin, wanda asalinsa daga wani fure ne da wani likitan Ingila mai suna William Withering ya yi rubutu a kansa tun 1785. Har yanzu ana ba wasu, amma ƙa'idarsa da tsauri. In mai shansa ta fara tashin zuciya da amai, ko tana ganin abubuwa rawaya-rawaya, ta hanzarta ta gaya wa likita.

Wata za ta ce, to in hoton zuciya ya nuna ta koma daidai fa? Gaskiya ne, musamman a ciwon bayan haihuwa, wasu zuciyarsu kan murmure cikin wata shida zuwa shekara, wasu kuwa ba ta komawa yadda take. Amma ku ji wannan. A wani gwaji da aka yi a Landan, wanda aka buga sakamakonsa a 2019, an ɗauki mutum 51 waɗanda zuciyarsu ta taɓa buɗewa ta kuma murmure da magani, aka janye musu maganin a hankali, likitoci na sa ido. Cikin wata shida, wajen mutum huɗu cikin kowane goma ciwon ya fara dawo musu. In haka ta faru ga waɗanda ake tsaye a kansu, ina ga wadda ta ajiye ƙwayoyinta a kan taga ba da sanin kowa ba? Rage magani ko daina shi aikin likita ne, bayan ya ɗauki hoto ya auna jini.

In magani yana damunki, faɗa. Wani yakan sa busasshen tari, wani jiri in an miƙe da sauri, wani kasala a makonnin farko. Duk ana iya canza su ko a gyara yawansu. In kuɗi ne suka gaza, wannan ma faɗa, kada kunya ta hana ki, don sau da yawa akwai mai araha da ke yin aiki iri ɗaya, likita kuma ya san wanda bai kamata a rasa ba ko ana ha-maza-ha-mata. A sayi sabo tun saura na mako guda, a saya a inda aka amince da shi, ban da na masu talla a faranti wanda rana ta gama dafawa. Kada ki ba maƙwabciya naki don ita ma ƙafarta ta kumbura, kada kuma ki karɓi nata.

Akwai magungunan da mai raunin zuciya za ta guje wa. Na ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda muke saya a kemis kamar gyaɗa, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. In ciwon kai ne ko na gaɓoɓi, farasitamol ya fi aminci. Ƙwayoyin ƙiba da wasu mata ke sha, da yawansu ruwa suke tarawa a jiki. Jiƙe-jiƙe da tsime-tsime kuwa, sau da yawa da kanwa ake haɗa su, ba ki kuma san yadda za su yi karo da maganin asibiti ba.

TUKUNYA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da duk wanda ke cikin abinci. Yanzu ki ƙirga na tukunyarki. Ga gishirin miya, ga dunƙulen magi uku ko huɗu wanda mafi yawan nauyinsa gishiri ne, ga farin magi, ga kanwar da aka jefa a wake da ɗanwake da miyar kuɓewa. Ga yajin jego da ake barbaɗawa a kan komai, ga kilishi, ga kifin gwangwani, ga ƙullin ɗanɗanon da ke cikin taliyar yara. Kafin magariba an ninka ƙa'idar.

Ba sai an ɗora tukunya biyu ba. A ɗebar wa mai ciwo miyarta kafin a sa gishiri da magi, ko kuma, abin da ya fi, a rage wa gida duka, tun da hawan jini bai bar maigida da uwar miji ba. Wake in an jiƙa shi tun dare zai nuna ba kanwa. Albasa da tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari da tsamiya da lemun tsami da daddawar da ba a sa mata gishiri ba, duk suna tayar da miya. Makonnin farko abincin zai yi lami a baki, amma harshe yakan saba, har ki zo kina jin miyar biki ta yi miki gishiri. A ci ganye da wake da ƙwai da kifi da nama gwargwadon hali, don rama da ƙarancin jini abokan wannan ciwo ne.

Batun ruwa kuwa, kada ki hana kanki sha da ka, balle a zafin ƙasarmu. Wadda ciwonta ya yi tsanani likita kan ƙayyade mata lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, watau ruwan leda uku zuwa huɗu, da koko da fura da shayi duk a ciki. In zawo ko amai ya kama mai shan maganin fitsari, jikinta kan bushe da sauri, ƙoda ta wahala, saboda haka ta nemi likita a ranar.

KE CE LIKITAR KANKI TA FARKO

Likita sau ɗaya yake ganinki a wata ko wata uku, ke kuwa kullum kina tare da jikinki. Ruwa yakan fara taruwa kwanaki kafin numfashi ya ɓaci, wadda ta gane da wuri sau da yawa gyaran ƙwaya kawai za a yi mata ta koma gida. In akwai ma'auni, ki hau kowace safiya bayan kin yi fitsari, kafin karin kumallo, a rubuta. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne, ba ƙiba ba. In babu ma'auni, ki danna ƙaurinki da babban yatsa, ki ga ko ya bar rami. Ki lura da zobe da takalmi ko sun fara matsewa, da yawan matasan da kike tarawa kafin ki iya barci, da ko tafiyar da kika saba yi ta fara sa ki haki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kika gani, kada ki jira ranar da aka rubuta a kati.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida: haki alhali ana zaune, tari mai kumfa ko mai jini-jini, suma, ciwon ƙirji mai tsanani, bugun zuciya barkatai, karkacewar baki ko mutuwar hannu ko ƙafa. Na ƙarshen nan yakan faru ne in jini ya daskare a cikin zuciyar da ta buɗe, gudan ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Ko tsakar dare ne a nemi abin hawa.

Ranar asibiti kuma kada ta wuce ki don kina jin daɗin jikinki. A ranar ne ake auna hawan jini, a duba ƙoda, a gyara magani. Ki tafi da duk ƙwayoyinki a jaka don likita ya gani da idonsa.

AIKI DA HUTU DA AZUMI

Dā can akan ce mai ciwon zuciya ta kwanta kawai. Yanzu an gane cewa in kumburi ya saɓe, numfashi ya daidaita, tafiya a hankali kowace rana tana ƙara mata ƙarfi. Ki fara da zagayen tsakar gida da sanyin safiya ko na yamma, ki riƙa ƙarawa. In kina iya tafiya kina magana, to, ba ki wuce gona da iri ba. Amma daka da surfe da faskare da jan guga da ɗaukar tulu, a raba su ga wasu. A rage zama cikin hayaƙin itace da tsayuwa a rana tsaka.

In azumi ya gabato, ki ga likita tun cikin Sha'aban. Wadda ciwonta ya lafa sau da yawa akan gyara mata lokutan shan magani ta yi azuminta. Wadda bai lafa ba kuwa, addini ya yi wa marar lafiya rangwame, sai ta tambayi malamai abin da ya hau kanta. Abin da ba shi da kyau shi ne a ajiye magani wata guda a ɓoye.

CIKI NA GABA

Wannan ita ce magana mai nauyi, amma dole a faɗe ta. Matar da zuciyarta ba ta koma daidai ba, in ta sake ɗaukar ciki, ranta take sawa a haɗari, likitoci kuma sukan ba da shawarar kada ta ɗauka. Wadda tata ta murmure ma ciwon yana iya dawowa, saboda haka sai an yi hoto an yi shawara tun kafin cikin, a kuma yi awo da haihuwa a babban asibiti. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin magungunan zuciya suna cutar da ɗan tayi. In kin ga batan wata, ki je wurin likita cikin makon ya canza miki, kada ki yanke maganin da kanki. Hanyoyin tazarar haihuwa ma ba duka ne suka dace da mai raunin zuciya ba, don wasu ƙwayoyin suna ƙara haɗarin daskarewar jini. Likita ne zai zaɓa miki, yawanci na ƙarƙashin fata ko na cikin mahaifa. Mai shayarwa kuma ta faɗa tun farko, akwai magungunan da suka dace da ita, ba sai ta yaye jariri ba.

Na san wasu iyayen gida sukan leƙa wannan fili in mun ajiye jarida. To, Malam, wannan gaɓa taka ce. Kuɗin magani na wata a sa shi cikin lissafin cefane, tare da hatsi. Ka raka ta asibiti ko sau ɗaya ka ji daga bakin likita. In an ce a dakata da haihuwa, kai ne za ka tare mata surutun dangi. 'Ya'yan da ke ƙasa sun fi bukatar uwarsu da rai. Uwar miji da abokiyar zama su ma su sani, wadda ke zaune tana haki ba ƙyuya take yi ba. Ciwon 'ya mace, ai na 'ya mace ne.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ku ma kuna da rabo a wannan hira. Ciwon maƙogwaro mai zuwa da zazzaɓi, wanda ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, in ba a yi maganinsa ba yana iya komawa zazzaɓin da ke sa gaɓoɓi ciwo, yau gwiwa gobe gwiwar hannu, daga nan ya lalata ƙofofin zuciya. Yarinya ba za ta sani ba sai ta yi aure ta ɗauki cikin fari. Maganinsa fenisilin ne, mai araha. Saboda haka in ke ko ƙanwarki maƙogwaro ya yi ciwo da zazzaɓi, a je asibiti, ban da yankan beli. Wadda kuma aka riga aka ce tana da wannan ciwo, allurar da ake yi mata duk bayan mako uku ko huɗu ita ce garkuwarta, shekaru ake yi ana yin ta, kada ta gaji.

Sa'an nan karatun da kuke yi ga ranarsa. In Inna ko Gwaggo ko Yaya tana shan maganin zuciya, ki ware littafi guda, ki rubuta sunan kowace ƙwaya da lokacin shanta, da nauyinta na kowace safiya, da ranar komawa asibiti. Uwar tagwaye babbar 'yarta ce, 'yar aji biyu a sakandare, take riƙe mata da wannan littafi. Kullum kafin ta ɗauki jakar makaranta sai ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Inna, kin sha?" Ba ta kuwa tafiya sai ta ga an haɗiye.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.